Nawa Ne Diyyar Wanda Mota Ta Buge Yana Tafiya da Ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sayar da koko ce a Aboabo, Kumasi. Wata biyu da suka wuce trotro (ƙaramar bas ta haya) ta buge ni ina tsallaka titi, ƙafata ta karye, aka yi mini aiki a asibitin Komfo Anokye. Mai motar ya aiko dattawa da sidi 5,000 a kan in sa hannu a rufe maganar. Shin kuɗin ya kai haƙƙina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Shawarata ita ce kada ki sa hannu yanzu, domin ba a sanin ƙimar diyya sai likita ya tabbatar da inda raunin ya tsaya, kuma a wata biyu da wuya a gane ko ƙafar za ta koma yadda take ko za ta bar miki ɗingishi.

Dokar Gana ba ta yanka wa karaya farashi ba. Ana fara lissafi ne da abin da ya fita daga hannunki: kuɗin aiki, magani, hoton ƙashi, motar zuwa asibiti, da ribar da kika rasa tun ranar da kika daina ɗora tukunya. Kotu ba ta karɓar wannan kaso da fatar baki, sai da shaida. A nan ne 'yan kasuwarmu suke yawan cutuwa, saboda mai koko ba ta da takardar albashi. Ki adana kowane rasit, ki nemo littafin adashinki da bayanan kuɗin da ke shiga wayarki, har da wanda kike sarar gero a wurinsa, domin duk suna iya nuna abin da kike samu a rana.

Kaso na biyu, wanda sau da yawa ya fi nauyi, shi ne na raɗaɗin da kika sha da abin da raunin ya rage miki a rayuwa. Ana dogara da rahoton ƙarshe na likita, wanda yake ƙiyasta nakasar da kashi cikin ɗari, sannan a duba shekarunki da irin sana'arki. Ɗingishi ga mai wuni a tsaye ba ɗaya yake da na mai aikin zaune ba. Saboda haka kada ki bar asibiti ki koma wurin mai ɗori kaɗai, don ba ya ba da takardar da kamfanin inshora zai karɓa.

Ki sani cewa dokar inshorar motoci ta 1958 ta wajabta wa masu motoci yin inshorar da ke biyan wanda aka raunata, don haka ba lallai daga aljihun mai motar kuɗin zai fito ba, kuma neman haƙƙinki ba ƙin girmama dattawa ba ne. Ki karɓi rahoton hatsarin daga sashen 'yan sanda mai kula da zirga-zirgar motoci (MTTD), a ciki za a ga lambar motar da kamfanin inshorarta. Idan ya zamana ba ta da inshora, hukumar kula da inshora ta ƙasa (NIC) tana da asusun da take tallafa wa irinki daga ciki.

Za a tambaye ki ta inda kika tsallaka. Idan aka ga kina da rabo a sakacin, dokar 1963 ta ba kotu damar rage diyyar gwargwadon rabon, ba ta soke ta ba.

Wa'adin shigar da ƙara a kan rauni shekara 3 ne bisa dokar 1972, saboda haka kina da sararin jiran rahoton likita. Idan kina buƙatar sidi 5,000 ɗin don magani, ki karɓa a rubuce a matsayin taimakon jinya, ba biyan ƙarshe ba, kuma kafin ki sa hannu a kowace takarda ki kai wa lauya, ko ofishin hukumar ba da taimakon shari'a da ke Kumasi, a karanta miki ita.