Asibitin sun hana ni ganin fayil ɗina, ina zan kai kuka?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Jidda da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Wata bakwai ke nan ina zuwa wani asibitin kuɗi wajen mai ba da shawara kan damuwa, tun bayan ɓarin da na yi. Ina so in koma wajen wata, sai na nemi fayil ɗina, 'yar istiƙbal, mai tarbar mutane a tebur, ta ce malaf, wato fayil ɗin, na asibiti ne, ba a bayarwa. Ga shi kuma na ji wata magana a bakin yayar mijina wadda a ɗakin nan kaɗai na taɓa faɗa. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya mayar miki da mafi alheri, ya ba ki lafiya. Na daɗe ina wannan aiki, kuma har yau raina na ɓaci in na ji an sallami mara lafiya da irin wannan amsa.

Asibiti ne ke ajiye takardun da kwamfutar, wannan gaskiya ne. Amma labarin da ke ciki naki ne. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2021 ta fara aiki a Satumban 2023, ta ba ki ikon ganin bayananki, da karɓar kwafi, da neman a gyara abin da aka rubuta ba daidai ba. Ta shafi ɗan ƙasa, ta shafi mai iƙama, kuma asibitin kuɗi bai fita daga cikinta ba. Ƙa'idojinta sun ce a amsa buƙata cikin kwana 30.

Kada ki sake roƙo da baki a gaban tebur. Ki rubuta buƙatar da Larabci, ki sa lambar malaf da kwanan wata, ki miƙa ga sashen ajiye bayanan marasa lafiya ko ofishin hulɗa da marasa lafiya, ki ɗauki hoton takardar. Ki faɗi abin da kike so dalla-dalla: taƙrir, wato rahoton likita, sunan ciwon da aka rubuta, ranakun zama, da magunguna in akwai. Wannan ya ishi sabuwar mai duba ki ta ɗora daga inda aka tsaya. Ki leƙa manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya ma, wani lokaci ana samun wasu bayanan a can.

Akwai iyaka guda da ya kamata ki sani. Doka ta yarda a taƙaita abin da za a nuna wa mutum idan ganinsa zai cutar da shi ko wani. A fanninmu hakan na faruwa, misali ga wanda ke cikin tsananin tunanin hallaka kansa. Sai dai wannan hukunci ne da mai duba ki zai yanke da dalili, ba jumla ce da 'yar istiƙbal za ta jefa wa kowa ba.

Maganar yayar mijinki ta fi ci mini rai. A Jidda da Makka mu Hausawa duk mun san juna, magana ɗaya in ta fita sai ta zaga unguwa kafin la'asar, shi ya sa mata da yawa ke haɗiye ciwonsu. Dokar aikin lafiya ta wajabta riƙe sirrin mara lafiya. An yarda a buɗe shi a wurare ƙalilan, kamar umarnin kotu, hana aikata laifi, cuta mai yaɗuwa, yardarki a rubuce, ko sanar da dangi idan zai taimaka wa magani. Wannan na ƙarshen ne wasu ke fakewa da shi. Kafin ki zargi kowa, ki tuna ko kin taɓa faɗa wa wani a gida, ko wani ya taɓa raka ki ciki. In babu, ki tambayi asibitin a rubuce: wa ya buɗe malaf ɗina, wa aka yi wa bayani, da izinin wa?

In suka yi shiru ko suka yi ta ja miki rai, ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ki shigar da shakwa, wato koke, ki rubuta lambar da za su ba ki. Koke kan bayanai kuma SDAIA, hukumar kula da bayanai ta Saudiyya, ke karɓa. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2014 ma ta tabbatar miki da haƙƙin sirri da na kai ƙara. Ki rarrabe koken biyu, na fayil daban, na sirri daban, don kada a amsa mai sauƙin a binne ɗayan.

In an ɗora ki a kan magani, kada ki yanke shi saboda fushi da asibitin. Ki nemi ganin sabuwar tun yanzu, fayil ya same ki a can. Idan damuwar ta taso kafin lokacin, layin Cibiyar Inganta Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa shi ne 920033360.