CAC ta ce kamfanina ba ya aiki: in farfaɗo da shi ko in buɗe sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi wa kamfanina rajista a 2014. Da kasuwa ta ja baya, sai na daina kai rahoton shekara-shekara. Kwanan nan na je neman kwangila, aka duba shafin CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista ta Najeriya, aka ce kamfanin ba ya aiki. In gyara shi ne, ko in buɗe sabo? (Wani ɗan kwangila, Kaduna)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Fara tantance halin da kamfanin yake ciki. Idan sunansa na nan a rajista, matsalar rahoton da ba ka kai ba ce kawai. Ka nemi lauya ko akawun da CAC ta amince da shi, a cike rahoton kowace shekara da ka tsallake, a biya kuɗinsa da tara, kamfanin ya dawo daram.

Idan kuwa an goge sunan, magana ta yi nauyi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba hukumar ikon goge kamfanin da ya shekara 10 a jere bai kai rahoto ba. A nan sai ka garzaya Babbar Kotun Tarayya ka roƙi umarnin maido da shi.

Ni dai shawarata, ka farfaɗo da tsohon. Kai ɗan kwangila ne, shekarun kamfaninka jari ne. Ma'aikatun gwamnati kan nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da shaidar ayyukan da ka taɓa yi, sabon kamfani kuma ba shi da ko ɗaya. Lambar rajistarka, asusun banki, motar da ka saya da sunan kamfanin, kuɗin da kake bin wata ma'aikata, duk na tsohon ne, ba sa bin ka zuwa sabo.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa sabon kamfani zai wanke maka bashi. Bashin banki da na haraji suna nan, kuma ko an goge kamfani, alhakin da doka ta ɗora wa daraktocinsa bai faɗi ba.

Buɗe sabo yana da amfani ne kawai idan tsohon bai taɓa yin ciniki ba, ba kadara, ba bashi. Ko a hakan ma, rufe shi bisa ƙa'ida tukuna, don tara na ci gaba da hawa muddin sunansa na cikin rajista.