Na rubuta takardar ajiye aiki saboda tekwando, matata ba ta sani ba

Assalamu alaikum Anti,

Shekaruna 29, ni akanta ne a wani kamfani, shekara shida ke nan ina aiki. Ina da mata da 'ya ɗaya da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Albashina yana rufa mini asiri, har an fara yi mini maganar ƙarin girma.

Na fara tekwando, wasan faɗa da ƙafa da hannu, ina ɗan shekara 17. Ina da baƙar ɗamara, ina fafatawa a ajin kilo 74. Sau biyu na shiga gasar ƙasa. A ta farko tun karawar farko aka fitar da ni, bara kuwa na samu tagulla. Tun ranar da aka rataya mini lambar nan kujerar ofis ta zame mini ƙaya. Idona yana kan lissafi, zuciyata tana fili. Kocina ya ce da atisayen yamma sau uku a mako ba inda zan je. In ina so in wakilci ƙasa, sai sau biyu a rana, kwana shida a mako, da zuwa sansanin horo a ƙasar waje. Ya ce yana ganin wani abu a tattare da ni, lokaci ne kawai yake ƙure mini.

Abin da na tara zai riƙe gidana wata takwas. Na rubuta takardar ajiye aiki, mako uku ke nan tana cikin kwamfutata. Mahaifina da na tuntuɓe shi cewa ya yi zan saki reshe in kama ganye. Matata ban gaya mata ba, don na san kuka za ta yi. Kuma gaskiya aikin nan ya ishe ni ko da babu tekwando. Burina Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Ina tsoron in kai arba'in ina cizon yatsa. Anti, in miƙa takardar?

Ƙaninki mai ɗamara

Wa alaikumus salam ƙanena,

Kada ka miƙa tukuna. Ba kuma don na raina wasan ba: wanda ya shekara goma sha biyu yana shan duka da son ransa, ba sha'awar kwana biyu yake yi ba.

Bari mu fara da Los Angeles, tunda ita ka ambata. A gasar duniya maza suna da ajin nauyi takwas, a Olamfik kuwa huɗu ne kacal: 58, 68, 80, da sama da 80. Ajinka na 74 babu shi. Ko dai ka sauke kilo shida ka riƙe su a sauke, ko ka hau ka kara da dogaye waɗanda ƙafarsu za ta isa kanka kafin taka ta bar ƙasa. Kocinka ya yi maka wannan maganar? Sannan kowane aji mutum 16 ko kusa da haka yake ɗauka daga duk duniya, ƙasa kuma ba ta tura mutum biyu a aji ɗaya. Ƙofar shiga makin da aka tara a gasannin ƙasa da ƙasa ne, ko gasar share fage ta nahiya, wadda hukumar wasan ta ƙasarka ce take zaɓen wanda za ta tura. Ka ga ke nan tun a gida akwai aƙalla mutum biyu da suka sha gabanka bara, kuma wataƙila sun fi ka ƙuruciya.

Ka dubi waɗanda suka kai. Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar yana ɗan shekara 21 ya ci azurfa a Rio a 2016, shekara ta zagayo ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Za ka ce mini ai Hadi Saei na Iran yana da 32 ya ci zinare a Beijing a 2008. Haka ne, amma wannan ita ce lambarsa ta uku a Olamfik, tun 2000 yake hawa dandamali. Gamawa ya yi a wannan shekarun, kai kuma a nan kake shirin farawa. Ban ce ba zai yiwu ba, sanin gaibu sai Allah. Cewa nake tagulla ɗaya ba ta isa hujjar da za a ɗora abincin mutum uku a kanta ba.

Inda nake ganin ka haɗe abu biyu wuri ɗaya shi ne: fita gasar waje daban, ajiye aiki daban. Hukumar tekwando ta duniya tana da buɗaɗɗun gasanni da ake kira G1 da G2, a nahiyoyi daban-daban duk shekara. Mai lasisin hukumar, wanda ake nema ta hannun hukumar ƙasa, yana iya yin rajista ya biya kuɗinsa ya je. Zakaran G1 maki 10 yake samu, na G2 kuma 20. Kwana huɗu ko biyar daga hutunka na shekara sun ishe ka zuwa ɗaya. Ka je biyu. Ka saka rigar ƙirjin nan mai na'ura da ke ƙirga maki, ka tsaya gaban wanda ba ya jin yarenka kuma ba ya jin kunyar kocinka. A minti shida na karawa ɗaya za ka san abin da shekara ɗaya ta tunani ba za ta gaya maka ba. In ka ci karawa biyu ko uku, sai ka shiga ofis ka nemi hutun wata shida ba albashi, da rubutacciyar yarjejeniyar dawowa. Kamfanin da yake shirin ƙara maka girma ba zai so rasa ka ba, kuma wannan dama ce da za ta mutu a ranar da ka miƙa takarda.

Riƙe aiki ba alamar rashin himma ba ne. A lokacin da Stipe Miocic yake riƙe da kambun ajin masu nauyi na UFC, wato babbar gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa, bai daina zuwa aikinsa na kashe gobara a jihar Ohio ta Amurka ba.

Yanzu lissafi, kai ne ma akanta. Wata takwas ɗin nan da ka ce, na gida ne kawai ko har da tikitin jirgi, biza, masauki, kuɗin rajista da kayan kariya? Galibin gasannin nan lamba ake bayarwa, ba kuɗi ba, tallafin kwamitin Olamfik kuma ta hannun kwamitin ƙasa yake bi, ga waɗanda suka riga suka nuna kansu. Sai gwiwa. Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ba baƙon abu ba ne a wasan da ake juyi a kan ƙafa ɗaya, kuma bayan tiyata akan kwashe wata tara zuwa shekara kafin a koma fili. Rauni ɗaya ya fi duk ajiyarka tsawo. In inshorar lafiyarka a jikin aikin take, ranar da ka fita ita ma ta fita. Da wani ne ya kawo maka wannan kasafin a ofis, za ka sa masa hannu?

Kocinka ban zarge shi ba, amma shi ba ya asarar komai in abin bai yiwu ba. Ka tambaye shi ɗalibai nawa ya taɓa kaiwa tawagar ƙasa, kuma suna da shekara nawa a lokacin. Ka nemi wani kocin da ba ya cin komai da kai ya kalli bidiyon karawarka ta bara.

Akwai jimla ɗaya da ka jefa a tsakiyar wasiƙar kamar ba komai ba: aikin ya ishe ka ko da babu tekwando. Na daɗe a kanta. In gudun ofis ne rabin abin da ke tura ka, wannan maganinsa wani ofishin ne ko wata sana'ar, kuma za ka iya nemansa ba tare da ka taɓa ajiyarka ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne koci ya sani, mahaifinka ya sani, yau ga ni na sani tare da duk mai karanta shafin nan, amma matar da za ta zauna da yarinya alhali kana sansani a wata ƙasa ba ta sani ba. Ka ce za ta yi kuka. To, ta yi, haƙƙinta ne, kuɗin wata takwas ɗin nan har da haƙurinta a ciki. Ka zaunar da ita a makon nan, ka nuna mata takardar da ke cikin kwamfutar da kuma lissafin gaskiya, ku zaɓi gasar farko tare, ku sa ranar da za a sake zama a duba. Ta yiwu ta ba ka mamaki. Ta yiwu kuma ta yi maka tambayar da ni ban yi ba.

In ka dawo daga gasar farko ka rubuto mini, ka faɗa mini a wane aji ka hau sikeli.

Antinku