Jona, haɗa ko talala?

Wani mai karatu daga Agege ya rubuto: "Malam, idan na sa kwamfutata ta cinya ta sha data daga wayata, jonawa na yi ko haɗawa? Na ji wani a Computer Village ta Ikeja yana cewa talala."

Malam, duka ukun suna da gurbi, amma ni jona na fi so. Haɗa tana da faɗi, ana haɗa aure, ana haɗa miya. Jona kuwa, wadda muka aro daga Turanci tun da daɗewa, ta abin da wani abu ke gudana ta cikinsa ce, kamar wutar lantarki ko bututun ruwa. Data ma gudana take yi, wayar ta zama modem ke nan, wato na'urar da ke kai wa kwamfuta intanet.

Mai talala bai yi kuskure ba. Talala ita ce a ɗaure dabba da doguwar igiya ta yi kiwo iya tsawonta, daga nan aka samo ɗaurin talala. Kalmar da ke cikin wayoyin Android, USB tethering, asalinta ɗaure dabba ne.

Ga yadda ake yi. Kunna data, soka kebul a waya da kwamfuta, sannan ka shiga saitin waya, sashen hotsifot, wato inda waya ke raba datarta, ka kunna maɓallin USB tethering. In ka gan shi a dushe ya ƙi taɓuwa, fara zargin kebul. Ruwa ba ya tsami banza: kebul mai ɗaukar data aƙalla zare 4 ne a cikinsa, 2 na wuta, 2 na saƙo, wasu na araha kuwa na wutar kaɗai ke gare su, sai caji. Mai iPhone da Windows sai ya sa manhajar iTunes ko Apple Devices a kwamfutar kafin kwamfuta ta gane wayar. A Windows kuma kunna Metered connection, saitin da ke taƙaita cin data, in ba haka ba sabunta manhaja zai lashe datar wata guda kafin la'asar. Kebul ya fi hotsifot a ranar da babu wuta, domin yana cajin wayar, hotsifot kuwa zuƙe batir yake yi, wayar ta ɗau zafi.

Wata baiwar Allah daga Idi-Araba ta tambayi ma'anar "zanen aro ba ya rufe katara". Katara cinya ce wajen ƙugu. Zanen da ba naki ba ba a auna shi da jikinki ba, kuma mai shi na iya karɓa a kowane lokaci. Haka mai dogaro da hotsifot ɗin maƙwabci yake: mai wayar na fita ƙofa, aiki ya tsaya.