Tambaya da Amsa: Mayaƙa 40, saura mako biyu

Tambaya: Na harhaɗa 'yan mutum-mutumin mayaƙan ƙwarangwal guda 40 na wasan yaƙin Warhammer da ake bugawa a kan tebur. Kowane ɗaya yana cin mini awa uku wajen fenti, ga shi saura mako biyu mu buga wasa. Ina mafita?

Amsa: Malam, kana yi wa kowane ɗaya fenti kamar shi kaɗai za a kalla. Abin da tsayinsa bai fi milimita 30 da 'yan kai ba, daga tsaye ake hango shi a tsakiyar 'yan'uwansa. Ba mai leƙa haƙoransa.

Ga yadda nake yi, wato dabarar da ake kira Slapchop. Ka fesa musu baƙin fenti duka, su bushe. Sai ka ɗauki buroshi mai faɗi, ka ɗebi fenti ruwan toka, ka goge shi a takarda har ka ga kamar babu saura, sannan ka shafa daga sama zuwa ƙasa. Ka maimaita da fari, amma da sauƙin hannu, a kan ƙoƙon kai da kafaɗu da bakin garkuwa. A nan aikin yake, kada ka yi garaje. Lunguna su zauna baƙi, wuraren da suka ɗago su yi haske.

Bayan haka sai fenti mai ruwa-ruwa irin Contrast, wanda kamfanin Games Workshop ya fitar a 2019, ko Speedpaint na kamfanin Army Painter. Shafi ɗaya ya isa, domin yana gangarawa lungu ya yi duhu, hasken da ka shimfiɗa kuma ya bayyana ta ƙarƙashinsa. Sai dai a fili mai santsi kamar garkuwa yakan taru ya bar tabo. Ka tsotse rarar da busasshen buroshi tun bai bushe ba.

Ka jera goma-goma. Ka gama ƙashin duka goman, sannan mashin kowanne, sannan tsummokaransu. Kafin ka kai na ƙarshe, na farko ya bushe. Launi huɗu ya wadatar.

Shugaban rundunar kaɗai nake roƙonka ka ware, ka ba shi awa ukunsa, don shi abokin wasanka zai ɗaga ya duba.