Kafin ka kwaso iyali saboda "makarantar kyauta"

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka samu gurbin karatu a jihar Ohio ta Amurka, za ka taho da matarka da yara biyu, ɗan shekara biyar da 'yar shekara biyu, wai an ce maka gwamnati na biya wa yara har makarantar kuɗi. Wanda ya gaya maka rabin zancen ya sani.

Makarantar gwamnati kyauta ce, wannan gaskiya ne, amma sai yaro ya kai biyar, ajin da suke kira kindagatin. Kuma dokar Ohio ba ta tilasta yini cikakke ba. A cikin Columbus, babban birnin jihar, yaro zai wuni ba ka biya ko sisi ba. A wasu garuruwan gefe kuwa kafin azahar an sallamo shi, in kana so ya kai yamma sai ka sa hannu a aljihu. Adireshin gidanka ne ke zaɓa maka makaranta, don haka kar ka kama haya sai ka tambaya.

Nan na sha wuya. Shekarar da ɗana ke rabin yini aikin dare nake a gidan kula da tsofaffi. In dawo da safe, in shirya shi, ban gama runtsawa ba na tashi na tsaya bakin titi cikin dusar ƙanƙara ina jiran bas, don direba ba ya sauke ƙaramin yaro sai ya ga babba. Ba kaka, ba maƙwabciyar da za ka ce ta riƙe maka. A lokacin ne kuma kuke cewa Yaya ta yi rowa. Har yau abin na ci mini rai.

Tallafin da ka ji sunansa EdChoice. A 2023 aka buɗe shi ga kowa, kimanin dala 6,000 a shekara ga ɗan firamare, mai samu da yawa a rage masa. Ba kuɗi ba ne za a danƙa maka, makaranta ake tura wa. Sai ita makarantar ta fara karɓar yaron, kuma tana iya cewa ba gurbi. Yunifom da sauran tarkace a wuyanka suke. Da wannan tallafin ɗana ya shiga makarantar Musulmi, yau yana karatun Alƙur'ani da boko ba ya jin kunyar kowa, alhamdu lillahi. Amma a 2025 wata kotu ta ce shirin ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, aka ɗaukaka ƙara. Kar ka ɗora lissafinka duka a kai.

Ita ƙaramar, gidan reno kuɗi ne tsagwaronsa, wani ya kai kuɗin haya. Matarka kuma da bizar F-2, wadda ake ba iyalin ɗalibi, ba ta da izinin aiki, ko na awa ɗaya.

Ka haɗo takardun haihuwarsu da katin rigakafi. Ka turo mini sunan jami'ar in duba maka unguwannin da ke kusa.