Hular leza tana maganin sanƙon gado?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 32, sanƙo ya fara cin goshina irin na mahaifinmu, ƙanwata ma tsagar kanta sai faɗi take ƙarawa. Na ga tallar hular leza a Facebook. Mu saya? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tana taimakawa, amma sai inda saiwar gashi ke da sauran rai.

A sanƙon gado, sinadarin DHT, wanda jiki ke samarwa daga sinadarin mazantaka (testosterone), shi ne ke tsuke saiwar a hankali, gashi ya riƙa fitowa siriri kuma gajere, har ya daina. Hular, ko mashacin leza, jan haske take fitarwa marar zafi, wanda ke zaburar da saiwar da ta yi rauni. Ba irin lezar cire gashi ba ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta ba wani mashacin leza mai suna HairMax izini ga maza a 2007, ga mata a 2011. Amma inda kai ya riga ya yi sumul yana sheƙi, kada ka ɓata kuɗinka.

Galibi ana sawa sau uku a mako, ana tsallake rana, minti 10 zuwa 25 gwargwadon na'urar. Ƙara lokaci ba ya ƙara gashi. Kai ya zama a wanke, a bushe, babu man shafawa, domin dole hasken ya isa fata. A nan mutanenmu suka fi yin asara: yawancin gwaje-gwajen an yi su ne a kan masu hasken fata, ita kuwa baƙar fata da cikar suma suna shanye wani kaso na hasken. Don haka kai ka rage suma, ƙanwarka kuma, idan likita ya amince ta yi amfani da leza, ta tsefe kitso, ta riƙa tsaga gashin tana bi da mashacin layi-layi. Ku ɗauki hoton kai a wuri guda, da haske iri ɗaya, kowane wata. Ba a yanke hukunci kafin wata 4 zuwa 6, kuma idan aka daina, zubar takan dawo.

A ganina leza mataimakiya ce kawai. Ginshiƙin magani shi ne shafa minoxidil mai kashi 5 cikin ɗari, sai shan ƙwayar finasteride miligiram 1 kullum ga maza, da izinin likita. Mai ciki kada ta sha finasteride, ko fasasshiyar ƙwayar kada ta taɓa.

Ƙanwarka kuwa kada ta sayi komai tukuna. Haihuwa, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, ciwon maƙoƙo da kitso mai ɗaurin tsiya duk suna zubar da gashi, kuma kowanne da maganinsa daban. Ta ga likitan fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a duba fatar kan, a yi mata gwajin jini.